Sa na Uku

A wani ƙauye da ke bakin fadama an yi wani manomi, sunansa Cindo. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya fashin sujada, ba ya kuma son hayaniya. Yana da gonaki biyu, ɗaya a bayan gari, ɗaya can nesa a kan tudu. Yana kuma da shanun huɗa guda biyu, waɗanda ake kira da launinsu, wato Ja da Fari. Idan damina ta faɗi, shi yake riƙe garma, matarsa Tabawa tana gaba tana jan igiya. In sun gama nasu, sai su je su yi wa Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifinsa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk sun tafi birni.

Akwai wata shekara da Cindo ba ya son tunawa. Tun kafin ya sami Ja, san da yake haɗawa da Fari ya ci wani abu a jeji, cikinsa ya kumbura, ya mutu ana saura kwana biyu a fara huɗa. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Cindo ya zaga gari gida gida yana neman aro, amma kowa nasa suna cikin aiki. Kafin wani ya gama ya ba shi, lokaci ya wuce. A shekarar nan hatsinsu bai kai su ko bikin Ista ba, har sai da Tabawa ta riƙa zuwa gidan iyayenta da ƙwarya a ɓoye cikin mayafi. Tun daga lokacin Cindo ya ce a ransa, “Ba zan ƙara zama da shanu biyu kaɗai ba. Sai na sami na uku, wanda zai tsaya yana jira.”

Allah ya ba shi damina biyu masu albarka a jere, sai ya tafi kasuwar shanu. Bai yi gaggawa ba. Ya duba haƙora, ya duba kofato, ya kuma ce ba zai saya ba sai ya ga aiki da idonsa. Mai san ya kai shi wani fili a bayan kasuwa, ya ɗaura wa san karkiya tare da wani, suka ja garma. Kunyar da suka tayar ta miƙe sak, kamar an ja zare. Cindo ya biya, ya koro sansa gida yana murna.

Ya kafa masa rumfa ta musamman a inda iska take shiga. Ya tanadar masa harawa mai kyau, da dusa, da kanwa. Amma bai taɓa ɗora masa karkiya ba. Ya ce, “Wannan na mugunyar rana ne. Idan na gajiyar da shi tun yanzu, me zan samu ranar da nake bukatarsa?”

Damina ta zo ta wuce, Ja da Fari suka yi aikinsu lafiya. Wata ta sake zuwa ta wuce, ba abin da ya same su. Sa na uku yana rumfa, yana ci, yana tuƙa, yana kora ƙuda da wutsiya. Tozonsa ya cika har ya kwanta gefe guda. Tabawa ta sa masa suna Baƙo, domin a cewarta, baƙo ne kaɗai ake kawo wa abinci ya ci ya kwanta.

Wata rana ta sauke tulu a bakin rumfar, ta ce, “Baban Ladi, wannan Baƙon naka yaushe zai fara aiki?”

Cindo ya ce, “Ranar da ɗaya ya kasa.”

“In ba wanda ya kasa fa?”

“Sai mu gode wa Allah.”

Ta ce, “Mun gode masa. Amma dai ni ce mai ɗebo ruwan.”

Cindo ya tsaya yana tunani. In shanunsa suna lafiya, Baƙo ya zama nauyi a gidan. In kuwa yana so Baƙo ya nuna amfaninsa, kamar yana yi wa Ja ko Fari fatan ciwo ke nan. Duk ta inda ya juya maganar, ba ta yi masa daɗi.

Maƙwabcin gonarsa wani dattijo ne, ana ce da shi Baba Tunau. Shi ma shanunsa uku ne, amma ba haka yake yi da su ba. Yau ya haɗa na farko da na biyu, jibi ya haɗa na biyu da na uku, bayan kwana biyu kuma ya sake. Ko da rani, sai ka gan shi ya ɗaura musu amalanke, wai za a kwaso taki ko yashi, yana sauya su bi da bi. Ba wanda ya yi ƙiba a cikinsu, dukansu wuyansu ya yi kanta.

Wata safiya suka haɗu a kan iyaka, Cindo ya gaishe shi, sa'an nan ya ce, “Baba, ka gafarce ni, amma akwai abin da ban gane ba. A cikin shanunka wanne ne na ajiya?”

Baba Tunau ya ce, “Wanda yake gida yau.”

“Ai jiya na gan shi a gona.”

“Jiya wani ne na ajiya.”

Cindo ya ce, “To, ai ba ka da na ajiya ke nan, Baba. Duka ukun kana cin ƙarfinsu, tare za su tsufa. Ni kuwa nawa yana nan sabo, kamar ranar da na saya.”

Dattijon ya dube shi, ya ce, “Allah ya sa haka ne, ɗana.” Ya kama garmarsa ya ci gaba.

Cindo ya koma gida yana ganin shi ya yi nasara a maganar, amma kalmar nan ta “Allah ya sa” ta tsaya masa a rai kwana biyu.

A damina ta uku ruwa ya yi jinkiri. Mutane suka zuba wa sama ido har aka fara addu'a ta musamman a majami'a. Ran wata Litinin aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙe har ciki. Kowa ya san kwanakin huɗa kaɗan ne, gama in rana ta sake buɗewa mako guda, ƙasar za ta yi tauri, garma ba za ta shiga ba. Gari ya watse, kowa ya nufi gona.

Ran Talata da hantsi, Cindo da Tabawa sun kai kusan sulusin gonar bayan gari, sai ƙafar Ja ta gaba ta burma cikin wani tsohon ramin gara da ruwa ya rufe bakinsa. San ya durƙusa, ya yi wani nishi. Da suka kwance shi ya miƙe, amma ya ƙi taka ƙafar. Aka kira mai ɗori, ya shafa, ya matsa, ya ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma kada a sa shi aiki sai bayan mako uku.

Tabawa ta ɗora hannu a ka. Cindo kuwa, ko da yake ya ji tausayin Ja, ya tarar zuciyarsa ba ta tashi ba. Har ma wani ɗan daɗi ya ji a ɓoye, wanda ya ji kunyarsa daga baya. Ya ce wa matarsa, “Kwantar da hankalinki. Saboda yau muka yi shekara biyu muna yankan ciyawa.”

Ya tafi gida ya kwance Baƙo. Tun a ƙofar gida san ya toge, domin rabonsa da fita waje ya daɗe. Da lallashi da turawa aka fito da shi. Tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwa ba, sai da ya tsaya sau uku yana haki, yawu yana zuba daga bakinsa. Cindo ya ce a ransa, “Zafin rana ne. In ya shiga aiki jikinsa zai saki.”

Suka isa gona, suka tsayar da shi a gefen Fari, Cindo ya ɗauki karkiya zai ɗora. Karkiyar kuwa itace ne mai sanduna biyu biyu da suke sauka gefe da gefen wuyan sa, a ɗaure su ta ƙasa da igiya. Ta ɓangaren Fari ta zauna daidai. Ta ɓangaren Baƙo ta ƙi shiga, gama wuyansa ya fi tsakanin sandunan kauri. Cindo ya juya ta, ya sake gwadawa, ya danna har san ya fara shaƙewa. Ya tsaya yana duban karkiyar, yana duban wuyan, kamar ɗayansu zai ba shi bayani. A duk tunanin da ya yi na shekara biyu, bai taɓa tuna karkiya ba.

Masassaƙin garin ya tafi tasa gonar a hayin rafi, bai dawo ba sai da yamma. Washegari Laraba ya huda sabon rami, ya sa wata sanda, amma kafin ya gama rana ta take tsaka. Rabin Talata ya tafi, Laraba ma ta tafi.

Ran Alhamis tun da sassafe suka ɗaura. Karkiya ta zauna. Cindo ya yi addu'a, ya kama garma, Tabawa ta ja igiya. Baƙo ya zabura gaba da ƙarfi, Fari yana tafiyarsa ta kullum, garma ta karkace ta fita daga layi. Aka dawo da su. Wannan karon Fari ya taka, Baƙo ya tsaya cik yana fizgar ciyawa. Da Tabawa ta ja shi, sai ya juya ya kai wa Fari tunkuri, Fari ya rama, suka nemi karya karkiyar. Shekara biyu suna gida ɗaya, amma ba su taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Cindo ya yi ta kiran irin kiran da yake yi wa Ja in za a juya a ƙarshen kunya, Baƙo bai san shi ba.

Da ƙyar suka tayar da kunya bakwai, kowace ta yi ta kanta. Kafin azahar fatar wuyan Baƙo, wadda ta yi laushi kamar ta ɗan maraƙi, ta saluɓe, jini ya fara tsattsafowa. Sai ya durƙusa a tsakiyar gona, ya kwanta, ya ja Fari ƙasa tare da shi. Aka yi ja, aka yi lallashi, aka zuba masa ruwa, bai tashi ba sai da aka cire masa itacen.

Cindo ya je gindin wata ɗorawa ya zauna. Ya ce, “Tabawa, shanu nawa gare mu?”

Ta ce, “Uku.”

“Akwai wanda ya mutu?”

“Babu.”

“To, yaya aka yi ina da uku, dukansu da rai, amma ba ni da huɗa? Wancan karon ɗaya gare ni, na san dalili. Yanzu fa?”

Tabawa tana da maganganu da yawa da ta tara tun shekara biyu, amma da ta dubi fuskarsa sai ta haɗiye su, ta miƙa masa goran ruwa.

Ya yi ta neman inda laifin yake. Ya ce ko mai san ne ya cuce shi, sai ya tuna da idonsa ya ga kunyar nan ta miƙe. Ya ce ko abincin ne bai isa ba, sai ya dubi tozon. Har ya fara cewa ko wani ne ya sa wa san hannu, Tabawa ta ce, “Baban Ladi, kada ka soma wannan. Kai mai bin Ubangiji ne.” Ya bar maganar. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ya rasa ranar da ya yi kuskuren. Kowace rana a cikin shekara biyun nan ya yi abin da ya ga ya dace.

Ran Jumma'a suka naɗe wuyan Baƙo da tsumma suka sake gwadawa, kunya huɗu ya yi ya kwanta. Rana kuwa ta buɗe, saman ƙasa ya fara fari. Da yamma Gwaggo Larai ta zo gidan tana dogara sanda. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta gaishe su, ta yi wa Ja sannu, sa'an nan ta ce, “Cindo, na ce bari in ji, in jiƙa irin ko in dakata?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ki ɗan dakata, Gwaggo.” Ta ce, “To,” ta koma. Wannan “to” ɗin ya fi masa zagi ciwo.

Ran Asabar ya tafi wurin Baba Tunau, ya same shi ya kusa gama gonarsa ta biyu. Suka gaisa, Cindo ya ce, “Baba, aron sa na zo nema, wanda yake gida yau.”

Dattijon ya ce, “Da na ba ka, amma wanda yake gida ba shi da lafiya. Tun Laraba ƙaya ta soke shi a ido, ya kumbura.”

Cindo ya yi mamaki, ya ce, “Tun Laraba? Ai ban ga ka tsaya ba.”

“Na tsaya. Na kai shi gida, na koro ɗayan, na sha ruwa, muka ci gaba.”

Cindo ya zauna a kan kunya, ya kwashe duk abin da ya faru ya faɗa masa. Baba Tunau ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, “Yaushe rabon da ka ga san nan ya ja garma?”

“Ranar da na saya.”

“To, san ranar nan kake ta ajiyewa a zuciyarka. Wanda yake rumfa wani ne dabam, kullum yana canzawa, kai ba ka sani ba, domin ba ka taɓa tambayarsa ba. Sa kuwa da karkiya ake tambayarsa.”

Cindo ya ce, “Amma Baba, maganata ta ran nan fa? Naka tare za su tsufa.”

“Gaskiyarka. Tare za su tsufa, sai in riƙa sauya su ɗaya ɗaya tun da wuri. Amma kowace safiya na san abin da nake da shi.”

“Ke nan in na yi irin taka, na tsira.”

Dattijon ya girgiza kai ya ce, “Ban ce ba. Dube ni yanzu. Har idon wancan ya warke, biyu gare ni, kamar kowa. In ɗaya ya yi tuntuɓe yau, ni da kai ɗaya muke. Akwai kuma shekarar da ciwon shanu ya shigo, kana yaro lokacin. Nawa duka uku tafki ɗaya suke sha, rumfa ɗaya suke kwana, rana ɗaya suka kwanta. Ukun ba su fi ɗaya ba a shekarar nan.”

Kan Cindo ya ƙara kullewa. Ya zo ne yana tsammanin za a ba shi amsa guda ya riƙe. Ya ce, “To, nawa ne ya isa, Baba? Huɗu? Biyar?”

Baba Tunau ya ce, “Ban san adadin ba, ɗana. Na dai san a shekarar nan mutane ne suka zo da fartanya suka yi mini. Gobe Lahadi. In an tashi sujada, ka buɗe baki ka faɗa.”

Wannan ya yi wa Cindo nauyi ƙwarai, gama duk garin an san shi da maganar sansa na ajiya. Amma da ya tuna Gwaggo Larai, sai ya miƙe bayan sujada, ya faɗi halin da yake ciki. Ba wanda ya yi dariya. Ran Litinin maza da mata wajen ashirin suka fito da fartanya da garmar hannu, suka yi wa Gwaggo Larai gonarta kafin la'asar. Ran Talata Baba Tunau ya kawo shanunsa biyu, ya ƙarasa wa Cindo gonar bayan gari, ko da yake ƙasar ta fara tauri, garma tana tsalle. Gonar tudu kuwa ba a kai gare ta ba. Sai can baya aka yafa mata wake, dawar da aka yi niyya ba ta samu ba. A shekarar nan rumbu ɗaya suka cika maimakon biyu. Ba su yi yunwa ba, amma Tabawa ta riƙa auna tsaba da hankali har kaka ta zagayo.

Ja ya warke. Wuyan Baƙo ma ya warke. Cindo ya fara ɗaura masa gungumen itace yana ja a bayan gida, daga nan amalanke, wata rana da Fari, wata rana da Ja. Tozon ya zube, haƙarƙari ya ɗan fito. Duk sa'ad da Cindo ya dube shi sai ya ji kamar ya yi hasarar wani abu, gama ƙaton san nan da yake nuna wa baƙi ya tafi. Har yau in ka tambaye shi wanne ne na ajiya a cikin shanunsa, sai ya tsaya ya yi tunani, ya leƙa rumfa tukuna, sa'an nan ya ba ka amsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kada kowa ya fita daga nan ya ce Cindo ya yi wauta da ya nemi sa na uku. Bai yi ba. Mutum ne da ya sha wuya sau ɗaya, ya yi tanadi don kada iyalinsa su sake sha. Ba malalaci ba ne, ba kuwa marowaci ba. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauka abin da aka ajiye yana zama yadda aka bar shi.

Ja da Fari su ne abubuwan da muke tafiya da su kullum: lafiyar jiki, da ƙarfin hannu, da aikin da muke ci da shi, da dabarar kanmu. Ba mugayen abubuwa ba ne, Allah ne ya ba mu. Amma kowannensu yana da ranar da zai taka rami.

Sa na uku kuwa, ga yawancinmu, bangaskiyarmu ce da addu'armu. Ranar da muka karɓe ta lafiyayyiya ce, mun ga aikinta da idonmu. Waɗansunku suna tuna ranar da aka yi musu baftisma a rafi, da yadda zuciyarsu take a ranar. Daga nan muka kafa mata rumfa. Muna ciyar da ita, ba mu fashin Lahadi, mun iya waƙoƙi, mun san inda ake cewa amin. Amma ba mu ɗora mata kaya. In rigimar iyakar gona ta taso, da wayonmu muke yi. In ɗan'uwa ya ɓata mana rai, da fushinmu muke yi. In abin cefane ya yi ƙaranci, mu kwana muna juyi, ba mu durƙusa ba. Muna cewa, ai waɗannan ƙanana ne, sai babbar rana ta zo. Ranar kuwa takan zo, a bakin gadon asibiti ko a bakin kabari, mutum ya buɗe baki zai yi addu'a ya tarar bai san ta inda zai fara ba. Sai ya ruɗe kamar Cindo a gindin ɗorawa, ya ce Allah ya yashe shi. Allah bai yashe shi ba. Wuyan ne bai saba da karkiya ba.

Ku lura kuma, kafin Baƙo ya kasa, kwana ɗaya da rabi sun riga sun tafi a kan karkiyar da ba ta shiga ba. Samun abin ajiya dabam, sanin yadda za a ɗaura shi da sauri dabam. Wannan magana taku ce, dattawan ikkilisiya. A majami'u da yawa mutum ɗaya ne ya iya bi da waƙa, mutum ɗaya ne yake koyar da yara. In ka tambaya, sai a nuna maka mataimakinsa, wanda ya yi shekara biyar yana zaune a benci na gaba, ba a taɓa ce masa tashi ka yi ba. Ranar da babban ya kwanta ciwo, a tura mataimakin gaba, ya yi ta in-ina, jama'a ba su san muryarsa ba, shi ma bai san tasu ba, mu kuma mu ce bai iya ba. Ku ba shi Lahadi ɗaya a wata tun babban yana zaune yana ji. Zai yi kuskure. Gara ya yi shi yanzu, da mai gyara a kusa.

Saura tambayar Cindo, wai nawa ne ya isa. Ni ma da nake koya muku ban san amsarta ba, ba kuwa zan ƙaga muku ita ba. Baba Tunau ya fi kowa tsari a garin, duk da haka shanunsa uku suka kwanta rana ɗaya. Duk abin da hannunmu ya tanada yana iya faɗuwa tare. Saboda haka ba a kan yawan tanadi muke dogara ba. Ubangiji kuma ba sa na uku ba ne, da za mu ɗaure shi a bayan gida sai mun rasa yadda za mu yi. Shi ne mai gonar, shi ne mai ruwan. Sau da yawa kuma taimakonsa da ƙafafun 'yan'uwa yake zuwa, riƙe da fartanya, ga wanda ya sauke girman kai ya faɗi bukatarsa.

Don haka kada ku jira babbar rana. A cikin makon nan kowa ya ɗauki ƙaramin abu ɗaya da ya saba yi da ƙarfin kansa, ya kai shi gaban Allah tukuna. In akwai ɗan'uwan da rabonka da taka ƙofarsa tun Kirsimeti, ka je ka gaishe shi yanzu da ba ka neman kome a wurinsa. Da farko zai yi nauyi, wuya ma zai yi ciwo. Ku jure, ku sake ɗaurawa washegari.

Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.